Kiran Likita Na Huɗu

Shafi na 19

Salamu alaikum. A zauna a karanta a natse, ban da tsallake layi.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safiyar Alhamis, Abdulrazak ya ɗora salular mahaifiyarsa a tsakiyar tebur. Ya ƙure mata ƙara, ya jona ta da caji, ya ja kujera ya zauna, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Hajiya Yelwa tana kan tabarmarta a gindin taga, tana tsince wake a faranti. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Hajiya, yau ba inda za ni. Ke ma ba inda za ki."

"A dai sassauta murya," ta ce, idonta a kan waken. "Gidan ba na kurame ba ne."

Wanda bai zauna Paris ba, ba zai gane abin da zai sa injiniya guda, mai mata da 'ya'ya biyu, ya bar aikinsa ya zauna gadin waya ba. Likitan unguwarsu, wanda sunan Hajiya ke cikin littafinsa shekara shida tun da ta baro Damagaram, jama'a sun yi masa yawa. Mai son ganinsa ido da ido sai ya jira mako bakwai. Shi ne ya fito da wani tsari: waɗanda ya daɗe da sani zai riƙa kiran su ta waya, minti goma kowa, tsakanin sha ɗaya da ƙarfe ɗaya.

Randebun wayar ma, wato gurbin da za a kira ka, kafin ka same shi sai ka gane kurenka. Ƙarfe takwas daidai ake kira. Takwas da minti ɗaya ka makara. Wata murya ta inji ta ce maka "Veuillez patienter," wato a yi haƙuri a jira, ta sa maka kiɗan Turawa mai sa barci, ta dawo ta maimaita, ta sake sa kiɗan, har minti arba'in. Ranar da ka taki sa'a mutum ya ɗauka. Ranar da ba ka taka ba layin ya tsinke, ka koma farko, a ce maka gurbi ya ƙare, sai gobe. In kuwa an ba ka, likita zai kira da ɓoyayyar lamba, sau ɗaya tak, waya ta yi ƙara biyar. Ba ka ɗauka ba, shi ke nan, ba ka da hanyar bin sa.

Sau uku Abdulrazak yana shan wannan wahala, don Hajiya ta ce tana son magana da likita. Sau uku yana ɗaukar hutu a wurin aiki don ya fassara mata, tunda ba ta jin Faransanci. Sau uku abin yana tashi a banza. Wannan karon sakatariyar likita ta faɗa masa ba kwana-kwana: in aka ɓata na huɗu, za a cire sunan Hajiya daga littafi. Kuma kaf unguwar, daga Château Rouge har Porte de la Chapelle, babu likitan da ke karɓar sababbin mutane.

Abin da bai sani ba, kuma babu mahalukin da ya sani, shi ne abin da Hajiya take son faɗa wa likitan.

Tun azumin bara ta ji shi, tana wanka. Wani ƙullutu a nononta na hagu, kamar ƙwallon dabino. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Yanzu wata takwas, ya kai goro.

To, ta yaya? Abdulrazak ɗan fari ne. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba, shi ya sa suke ganin abin wasa. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallon tsabar idonsa, ba a hira da shi baki da baki. Shekara arba'in da ɗaya, in za ta ce ya tashi sai ta ce "a tashi," in za ta ambace shi wurin wasu sai ta ce "Injiniya." Shi ne za ta zauna a gabansa ta ambaci wannan wuri na jikinta, ya ɗauka da bakinsa ya miƙa wa wani namiji? Gara ƙasa ta tsage ta shige.

Matarsa Fatou 'yar Senegal ce, yarinyar kirki, amma ba ta jin Hausa, da hannu suke magana. Rékia mai kitso ta iya harsunan biyu, sai dai abin da ya shiga shagonta da hantsi, kafin la'asar an ji shi a Damagaram. Auta kuwa, Shamsiya, tana Lyon, shekara huɗu tana rubuta wani ƙaton littafi a jami'ar Bron, kuma yau ɗin nan, ƙarfe biyu, za ta tsaya gaban malamai ta kare shi. Hajiya ta rantse ba za ta ɗora wa yarinyar nan wannan kaya ba sai ta sauke nata.

"Hajiya, ina da tambaya."

"Ana ji."

"Na farko, likita ya kira, na ce me ke damun ki, kika ce gwiwa. Ya rubuta man shafawa. Man nan yana cikin firji har yau, ko murfin ba a buɗe ba."

"Gwiwar ta yi sauƙi."

"Na biyu, waya ta fara ƙara kina sallamewa daga walaha. Fatou ta gan ki. Kina jin ƙarar kika miƙe kika tayar da wata sallar. Kika hana a taɓa wayar da hannunki, kina ishara."

"Yanzu sallar mutum ma ƙirga ta ake yi a gidan nan?"

"Na uku fa? Na juya gidan nan kaf ina neman salula, ina jin ƙararta can ƙasa-ƙasa kamar kukan kyanwa. A ina na same ta?"

Hajiya ta jefar da wani wake mai ƙwaro a murfin kwano.

"A cikin garwar shinkafa, Hajiya. Har ƙasa."

"An ce shinkafa tana tsotse danshi."

"Wane danshi? Ruwa ta sha?"

"Rigakafi."

Ya so ya yi dariya, ya so ya yi kuka, ya rasa wanne zai yi. Ya miƙe ya je taga ya dawo.

"Kin san abin da matar nan ta ce da ni ran Litinin? Ta ce, Mushe, wato Malam, akwai masu jira da gaske, in mahaifiyarka lafiyarta ƙalau ku bar wa wasu. A cikin buro nake, wurin aiki, abokan aiki suna ji. Patoro na, shugaban wurin, ya daina tambaya ta, kallo kawai yake yi. Kwana tara ina tashi da waya a kunne, a cikin metro, a kan matakala, ina sauraron kiɗan nan har ina jin sa a mafarki. Ke da kanki kin zauna kin saurara tare da ni. Kin san wahalarsa."

"An sani. Allah ya yi albarka."

"Ba albarka nake roƙo yanzu ba. So nake in san abin da na yi miki."

Hannun Hajiya ya tsaya a cikin farantin.

"In ba ki yarda da fassarata ba ne, ki faɗa. In kina ganin zan rage ko zan ƙara, ki faɗa. Inna Raliatou da ta raine ni, ko ƙaya ta taka ni take kira in cire mata. Allah ya ji ƙanta. Ke kuwa shekara shida muna rufi ɗaya, ban san ko kanki yana ciwo ba sai in Shamsiya ta bugo daga Lyon ta gaya mini."

Raliatou yayar Hajiya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita aka ba wa Abdulrazak ranar da aka yaye shi, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ita yake kira Inna. Ta rasu yana shekara ta biyu a karatunsa na Faransa.

"Ita raino ta yi," Hajiya ta ce a hankali. "Abin da ya halatta gare ta bai halatta gare ni ba. An san haka, ba yau aka zo duniya ba."

"Na sani a Damagaram. Nan Paris ne, Hajiya. Nan in ba ka yi magana ba mutuwa za ka yi a cikin ɗaki, ba mai leƙo ka."

Kalmar ta daki ƙirjinta, amma fuskarta ba ta nuna ba. Ta ajiye farantin, ta karkaɗe zaninta, ta miƙe. Ta zo ta zauna a kujerar da ke fuskantar wayar, ta gyara mayafi.

"In ya kira, a bar mini ɗakin."

"Na'am?"

"A fita waje, a ja ƙofa."

"Ki yi magana da shi da wane Faransancin?"

Hajiya ta dubi bango, ta ɗaga haɓa, ta ce da murya irin ta mai gadin babban kanti lokacin rufewa:

"Sortez, s'il vous plaît."

Wato a fita, don Allah. Abdulrazak ya saki baki.

Bai san wata uku ke nan mahaifiyarsa tana tsintar Faransanci ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai haɗa kayan miya daga rumfuna daban-daban don kada kowa ya gane abin da za ta dafa. Ta je wurin Moutari mahauci, ta sa yatsa a kan wata kaluluwa a cinyar rago, ta ce, "Kai, wannan ƙullutun da kake sayar mana da shi, in Bature ya gani me zai ce?" Moutari ya ce "boule," yana rantsuwa namansa lafiyayye ne. Ta ajiye wannan. Bayan mako biyu ta zauna a shagon Rékia, wata mai jego tana shayarwa, ta ce, "Su nan me suke ce wa abin da yaron ke sha?" Rékia ta faɗa, aka yi dariya aka wuce. Hagu kuwa a motar Abdulrazak ta samo ta, wurin matar nan ta cikin inji mai nuna hanya, duk sanda ta ce "gauche" sai ta ga ya karya sitiyari hagu. Ƙirge a wurin jikoki, suna haddar lekol, wato makarantar boko. "Yana girma" a bakin Fatou, tana ƙorafin takalman yara. Kullum bayan sallar asuba sai ta jera su a kan carbi, kalma ɗaya ƙwaya ɗaya, har suka zauna.

"Hajiya, a ina kika…"

Wayar ta ɗauki ƙara.

Lamba a ɓoye.

Ya kai hannu. Ta riga shi, ta kife tafinta a kai.

Ƙara ta biyu.

"Hajiya, don girman Allah!"

"In aka zauna ba zan ɗauka ba."

"Za su cire sunanki!"

"Su cire."

Ta uku.

Ya dube ta, ya dubi hannunta. Hannun ko rawa ba ya yi. Ya san matar nan. Ita ce ta yi shekara ashirin tana kai atamfa daga Kano zuwa Agadas a bayan babbar mota, ba ta taɓa sauke farashin da ta faɗa ba.

Ta huɗu.

Ya juya da gudu, ba takalmi, ya fita ya ja ƙofa.

Ta biyar ba ta ƙarasa ba ta danna.

"Alo."

Muryar namiji, a gajiye, da sauri, ya ambaci sunanta, ya ce shi ne likita.

Tarbiyya ba ta bari ta faɗa masa kai tsaye ba.

"Bonjour, docteur. Ça va? La famille, ça va?"

Ya ɗan yi jim, ya ce lafiya. Ta so ta tambayi aiki da gajiya da sanyi, ta tuna minti goma ne. Ta haɗiye sauran gaisuwar. Ta kama carbinta, ta runtse ido, ta fara ja.

"Docteur. J'ai une boule. Sein gauche. Huit mois. Ça grossit."

Ƙullutu gare ni. Nonon hagu. Wata takwas. Yana girma.

Ta faɗa. Da bakinta, da harshen mutanen, ba ta bar ko ƙwaya ɗaya ba. 

 Can ɓangaren, ƙarar buga inji da take ji tun farko ta tsaya cak.

Sai likita ya fara magana.

Innalillahi. Kamar an ɓalle bakin famfo. Kalmomi suna bin juna, ba waƙafi, ƙarshen kowace jimla yana ɗagawa alamar tambaya ce. Ya tsaya yana jira. Ya sake maimaitawa a hankali, da ƙarfi, kamar ƙarfin ne zai sa ta gane.

Nan Hajiya ta ga ramin da ta bari. Wata uku tana tara abin da za ta faɗa, ba ta tara ko ɗaya na abin da za a amsa mata ba.

"Madame? Allô? Votre fils est là?"

Wannan ta gane. Ɗanki yana nan? Ta dubi ƙofa. Taku biyar ne. Ta dubi agogon bango. Minti uku sun tafi. In ya gaji ya kashe, sai wani kiɗan na kwana tara, in ma an bar sunanta ke nan.

Zufa ta karyo mata. Ta laluba cikin kanta, babu sauran kalma a kan carbin. Sai guda biyu da ba ta taɓa niyyar koya ba, waɗanda aka dinga ɗura mata a kunne kowace safiya.

Ta gyara zama, ta sanyaya murya irin ta injin, ta ce:

"Veuillez patienter."

Likita ya yi wata 'yar dariya da ta kuɓuce masa. Ya ce, "D'accord, madame."

Ya jira. Likitan da duk unguwa ke jira, yau shi aka ce ya jira, kuma ya jira.

Ta jawo wayar gida, ta danna lamba ɗaya, inda aka ajiye mata Shamsiya. A ranta tana cewa, Allah ka gani, na so in bar ta ta gama.

"Alo, Inna? Ina cikin tram, na kusa Bron. Addu'a za ki yi mini?"

"Addu'a tun asuba na yi. Buɗe kunnenki. Likita ne a ɗaya wayar. Abin da ya faɗa ki juya mini, abin da na faɗa ki juya masa. Ban da kuka, ban da tambayar kanki."

"Ina Yaya?"

"Na aike shi."

Ta haɗa wayoyin biyu, bakin wannan a kunnen waccan, ta sunkuyar da kanta a tsakaninsu. Ta ji Shamsiya ta gabatar da kanta, ta ji likita ya yi bayani. Sai ta ji numfashin 'yarta ya ɗauke.

"Inna…"

"Me ya ce?"

"Inna, wata takwas? Na zo hutu sau biyu, mun kwana gado ɗaya…"

"Ba ke ce likitan ba. Me ya ce?"

Shamsiya ta ja hanci. Ana jin ƙararrawar tram a bayanta.

"Ya ce yana da tauri ko laushi?"

"Tauri."

"In kin taɓa yana motsi?"

"Da yana yi. Yanzu ya kafe."

"Fatar wurin ta canja?"

"Ta ɗan lotsa."

"Akwai abin da ke fita?"

"Babu."

"A hammata fa?"

 "Akwai ƙarami. Wannan bai fi wata ba."

Shamsiya ta juya. Faransancin yana fita tar, ba gargada. Ko a cikin wannan hali Hajiya ta ji daɗin abin a ranta. Ba a banza aka yi shekarun lekol ba.

Likita ya yi magana mai tsawo. An ji yana kiran wata a gefe, ana buɗe takardu.

"Inna, ya ce wannan ba maganar waya ba ce. Ya ce ki zo yau, ƙarfe huɗu, ya ɗage wani ya sa ki. Zai duba ki da kansa, ya rubuta takardar hoto ta gaggawa. Ya ce ba duka ƙullutu ne mugu ba, amma ba za a ƙara ko kwana ɗaya ba."

"Mako bakwai ɗin fa?"

"Ya ce ki manta da shi. Ya kuma ce…" Shamsiya ta yi wata dariya mai haɗe da kuka. "Ya ce wa ya koya miki Faransanci? Ya ce tun kalmar farko ya gane ki, da duk masu kiran sa haka suke bayani da ya riƙa tashi aiki da wuri."

Hajiya ta gyara ɗaurin kallabinta da hannu ɗaya.

"Ce masa mutanen unguwa ne. Ce masa mersi."

"Tambaya ɗaya ta rage. Ya ce a dangi akwai wadda ta taɓa yin irin wannan? Uwa, ko 'yar'uwa? Na ce masa babu, ko?"

Hajiya ta runtse ido.

"Inna?"

Shekara ashirin da maganar take binne. An yi rantsuwa a kanta a ɗakin da babu kowa sai mata uku, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Amma mutumin nan ya ɗage wani ya sa ta, ba za ta ba shi ƙarya ya yi aiki da ita ba.

"Ce masa akwai."

"Wa?"

"Yaya Raliatou. Shi ya kashe ta."

"Inna Raliatou? Ba zazzaɓi…"

"Juya masa, lokacinsa ake ci."

Shamsiya ta juya. Likita ya ce wani abu gajere, ya maimaita ƙarfe huɗu, ya yi sallama. Hajiya ta duba fuskar salular. Minti goma sha shida. Ya ba ta shida kyauta.

Ta ajiye ta, ta kai wayar gida kunne.

"Inna, sauka zan yi in koma tasha. Akwai jirgin ƙarfe ɗaya, uku ina Paris."

"Ki ce me?"

"Ba zan iya tsayawa gaban mutane ba, Inna, kaina ba ya…"

"Shamsiya."

"Na'am."

"Na tsaya gaban likita da kalma goma sha biyu. Ke kina da littafi guda. Ki sauka a Bron, ki wanke fuskarki, ki shiga ki ba su amsa ɗaya bayan ɗaya. In kika taka Paris ba tare da takardar nan ba, ba ni za ki tarar ba, ƙofa za ki tarar. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Me za ki yi?"

"Zan shiga."

"Allah ya ba ki rinjaye. Kashe."

Ta ajiye wayar.  Ta dafa tebur ta miƙe, ta juya don ta je ta buɗe wa Injiniya ƙofa.

Ƙofar a buɗe take.

Yana tsaye a bakinta, ƙafa ba takalmi, hannu ɗaya a kan mariƙi. Gidajen Paris ƙofarsu katako ne kamar faifai, ita ce ta manta. Idanunsa sun yi ja wur.

Hajiya ta kawar da kai, ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta har wuya. Kunya ta lulluɓe ta tun daga tafin ƙafa. Ya ji. Da Faransanci ya ji, da Hausa ya ji.

"Zazzaɓi kuka ce mini."

Hajiya ta ƙura wa bango ido.

"Na bugo waya daga nan, a rumfar tarho, ina kuka. Kawu ya ce zazzaɓin kwana uku ne. Ke ma aka ba ki, kika ce a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare."

"Ita ta sa mu rantse," Hajiya ta ce wa bango. "Shekara biyu tana ɓoyewa. Ko ni ban sani ba sai da ya fashe, zani ya daina rufe shi. Ta ce yaronta yana jarrabawa, kada a ɗaga masa hankali. Ta ce kuma kada a taɓa gaya masa inda ciwon yake."

Abdulrazak ya jingina da bango kamar an zare masa ƙashi.

"Ke ma haka kika shirya yi. Ki yi shiru har ya fashe, a ce mini zazzaɓi."

"Da haka na shirya, da ban yi wata uku ina bin mahauta da masu kitso ina roƙon kalma ba."

"To me ya sa ba ki…" Ya kasa ƙarasawa. Ya san amsar. Ya share fuska da hannun riga, ya yi ta maza. "Ƙarfe huɗu ya ce?"

"Huɗu ya ce. Uku za a fito da mota. A kai ni, a tsaya a waje."

"To."

Ya sunkuya ya ɗauki takalminsa ɗaya. Sai ya tsaya da shi a hannu.

"Hajiya."

"Ana ji."

"Ƙarfe huɗu Shamsiya tana gaban malamai, wayarta a kashe. Ba za ta fito ba sai biyar ta wuce. In kin shiga, wa zai juya miki abin da likita zai ce?"

 Hajiya ta tuna Rékia, ta ture. Ta tuna Fatou, ta ga ba hanya. Ta dubi carbin da ke hannunta, kalmomin da ke kai ta riga ta kashe su duka.

Agogo yana ta tafiya. A ƙasa wani mai sayar da masara yana kiran ciniki.

Ta juyo a hankali. Ta ɗaga ido, ta sauke shi a kan fuskar ɗanta, ta bar shi a can.

"Kai," ta ce. "Ka iya fassara da bayanka a juye?"